Tsingaron da ya ba ni mamaki a Biristol

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, garin nan na Biristol a Ingila ba ya rabuwa da yayyafi. Yau wallahi kaina ya fasu, bari ku ji.

Wata 'yar ajinmu ce ta nuna min hoton wani tsingaro a wayarta, ɗan guntun tukunya bai kai tafin hannu ba, irin wanda muke wasan 'yar carafke da shi a ƙofar gida. Na ce to, meye abin kallo a nan? Ta ce ai daga Nok yake, kudancin Kaduna, yankin da wata tsohuwar al'umma mai gina gumakan yumɓu ta zauna. Nan na gyara zama.

Ashe a jami'ar garin nan aka yi aikin, tare da masana na Farankifot a Jamus, aka fitar da sakamakon a 2021. Sun ɗauki tsingaro sama da 450, su ɗan ɓalli gefe su niƙe, su tatso maiƙon da yumɓun ya tsotsa tun ana girki a ciki. Sai ga kakin zuma! Sama da kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka samu maiƙo a jikinsu akwai shi, wasu tun shekara wajen 3,500 da suka wuce. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a samun ƙasusuwan abin da suka ci, sai tukunya ce ta riƙe sirrin. Gero da wake kuwa dama an san suna nomawa.

Ni kuma shekaranjiya na ba da fam 6 a kan 'yar kwalbar zuma da ko ƙamshi babu. Zumar da Inna ke ajiyewa a bayan randa, wadda ke maƙale maka a maƙogwaro, ita nake ta tunani tun ɗazu. Kai, ruwan randar ma, firijin nan nawa bai kama ƙafarsa ba.

Ban ce mutanen Nok Hausawa ba ne, kada a cinye ni a wurin sharhi. Amma na faɗa mata daga Kaduna nake, har da ɗaga kafaɗa.

Don Allah in garma ta tono maka irin wannan a gona, kada ka wanke shi da sabulu, maiƙon nan shi ne shaidar. Masu yawo suna sayen gumakan Nok su tsallaka da su waje kuwa, ka kiyaye su, kuɗin goro za su ba ka.

Ga motata nan ta iso, hannuna ma ya ƙage.