Yawan Saɓa a Jikin Babban Macijin Indigo: Yaushe Lafiya Ce, Yaushe Ciwo Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku daga kudancin jihar Jojiya a Amurka, yankin macijin indigo na gabas, wanda masana ke kira Drymarchon couperi. Tambayar da ke tayar wa masu kiwonsa hankali ita ce: maciji ya manyanta, girmansa ya tsaya cik ko kusa da haka, amma da ƙyar wata guda ya zagayo sai idonsa ya sake yin hazo zai yi saɓa. Anya lafiya?

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mafi tsawo cikin macizan da asalinsu na Amurka ne. Mafi tsawon da aka auna ya kai mita 2.8, amma yawanci suna tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma namiji ya fi mace girma. Baƙi ne wuluk mai ƙyallin shuɗi, kamar rawanin ɗan Kura da ya sha bugu. Ba shi da dafi. Tun 1978 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, don haka ba a kama shi a daji, ba a kuma sayar da shi daga wata jiha zuwa wata sai da takardar izini. Cibiyar Orianne da ke Eustis a Fulorida tana ƙyanƙyashe su, ana kuma sakin 'ya'yan a dajin Conecuh na Alabama, inda aka fara sakin indigo tun 2010. Dabba ce mai tsada a rai da aljihu, shi ya sa ba na son a yi mata magani da ka.

Abin da nake so ku fara riƙewa: indigo yana yawan saɓa ko da lafiyarsa ƙalau. Babbar mesa za ta iya yin wata biyu ko uku ba ta saɓe ba, amma indigo da ke cin abinci yadda ya kamata yakan saɓe duk mako huɗu zuwa shida a lokacin ɗumi. Dalili kuwa jikinsa mai saurin aiki ne. Da rana yake yawo, yana narkar da abinci da wuri, yana kashi akai-akai, yana shan ruwa da yawa. Jikin da ke gudu haka, fatarsa ma ba za ta daɗe ba. Idan sanyi ya shigo ya rage ci, tazarar takan ƙaru. Mace mai ƙwai kuma tana da saɓarta ta musamman 'yan makonni kafin ta zuba ƙwan a bazara, wannan ba ta shiga lissafin ciwo.

Saboda haka kada ku dogara da tunani, ku rubuta. Takarda guda a jikin keji ta isa: ranar da ido ya yi hazo, ranar da ya saɓe, abin da ya ci, da nauyinsa sau ɗaya a wata a kan sikeli mai nuna giram. Mutane da yawa suna ruɗewa ne don shirin saɓar kansa yana cin kwana goma zuwa sha huɗu. Fata ta dushe, ido ya yi hazo na 'yan kwanaki saboda ruwan da ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, sannan idon ya washe, bayan wasu kwanaki ya tuɓe. Idan zagayen kwana 35 ne, kusan sulusin lokacin macijin yana cikin shiri, sai mai shi ya ga kamar kullum saɓa yake yi.

To ku dubi saɓar da macijinku ya tuɓe. Ta mai lafiya takan fito ɗungurungum, a juye, daga hanci har wutsiya. Wuri biyu ake dubawa. Na farko kai: dole ku ga murfin ido guda biyu, kamar 'yan gilasai. Na biyu ƙarshen wutsiya, ya fito da tsininsa. Idan saɓa tana fitowa haka, nauyi bai ragu ba, yana ci, fatar ciki ba tabo, to ku kwantar da hankali ko da duk wata yake yi.

Inda nake fara damuwa shi ne tazara ta sauko ƙasa da mako uku sau biyu ko uku a jere, ko ya saɓe yau, bayan 'yan kwanaki ido ya koma hazo. Fata ce ke ƙoƙarin gyara kanta, wani abu yana damunta. A nan sai a bi a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A fara da 'yar kaskar maciji, Ophionyssus natricis. Ita ce ta fi yawa, kuma a jikin indigo ta fi wuyar gani don baƙa ce a kan baƙi. Ku duba ƙasan kwanon ruwa, za ku ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun nutse. Ku shafa farin ƙyalle mai laima a jikinsa, ku duba kewayen ido da tsagar ƙasan haɓa. Macijin da ya tare cikin ruwa dare da rana, ku zarge ta. Idan kun same ta, a kwashe shimfiɗar keji duka a zubar, a shimfiɗa farar takarda, a wanke maɓuya da kwano da ruwan zafi. Maganin fesawa mai fametirin, wato sinadarin kashe ƙwari, a keji ake fesa shi, ba a jikin maciji ba. A fitar da shi da kwanon ruwansa, sai wurin ya bushe ƙamas warin ya fita a mayar da shi. A ci gaba da sa ido mako huɗu zuwa shida, domin ƙwanta yana ɓoye a lunguna yana ƙyanƙyashewa daga baya. Kuma don Allah ku ji wannan da kyau: kada a ba indigo ibamektin, wato maganin tsutsa da kaska da ake ba dabbobi. Littattafan magungunan likitocin dabbobi sun sa shi cikin waɗanda maganin ke yi wa illa, tare da kunkuru. Abin da ya yi wa mesar maƙwabcinka aiki yana iya kashe naka.

Sai ƙasan keji. Nan ne aka fi yin kuskure, don an ji cewa indigo yana son danshi sai a jiƙe shimfiɗa sharkaf. A daji yakan fake a ramin kunkurun gofa, wani kunkurun tudu mai haƙa rami, inda iska ke da laima amma ƙasa rairayi ce mai tsotse ruwa. Abin da za a kwaikwaya ke nan: danshin iska kashi 60 zuwa 70 cikin 100, saman shimfiɗa a bushe, da akwatin ɓuya guda mai gansakuka da aka jiƙa aka matse har ta daina ɗiga. Shi kuma indigo kashinsa mai ruwa ne, yana fesa shi ko'ina, idan ya kwana a kai cikin jiƙa sai ɓawon ciki ya yi ja-ja, ya yi bororo, gefensa ya koma ruwan ƙasa. Daga nan saɓa za ta riƙa bin saɓa. Ku juya shi ku duba ciki tun daga maƙogwaro har dubura, kowane mako. Kashi a kwashe shi ranar da aka yi shi.

Zafi ma haka. Indigo ba ya jure shi kamar yadda ake zato. Digiri 24 zuwa 27 ya ishe shi a faɗin keji, da kusurwa ɗaya mai kusan 29, da dare kuma ya ɗan sauka. Idan zafin ya wuce 32 kuma ba wurin gudu, za ku ga yana ta zirga-zirga yana goga hanci a gilashi har ya sale, salewar kuma tana jawo wata saɓar. Kejin da bai kai mita biyu ba shi ma yana sa wannan gogar. Tabarmar ɗumi marar na'urar kayyade zafi tana ƙona ciki, ƙunar kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki.

Akwai kuma ciwon fangas na macizai, Ophidiomyces, wanda ake samu a jikin indigo na daji a nan Jojiya. Alamarsa ɓawo mai kauri rawaya ko ruwan ƙasa, ƙuraje a fuska da haɓa, da saɓa a kai a kai. Saɓar takan tafi da ɓawon sai a ɗauka ya warke, bayan kwanaki ya dawo. Ido ba ya tabbatar da shi, sai an goge fatar da auduga an kai ɗakin gwaji. A ware macijin, a ware kayan aikinsa.

Idan saɓa ta maƙale, a sa shi a roba mai murfi da hudojin iska, ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 28, zurfinsa rabin kaurin jikinsa, minti 20 zuwa 30, kuna tsaye a kansa. Sannan ya ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul da kansa. Zoben tsohuwar fata da ya rage a wutsiya yana shaƙe jini har ƙarshen ya mutu, kada a bar shi. Murfin idon da ya maƙale kuwa kada a sa masa hantsaki, aikin likita ne.

Idan an duba duk waɗannan ba a ga komai ba, fata tas, amma yana saɓa duk mako biyu yana kuma ramewa alhali yana ci, sai a yi maganar tayirod, wato gaɓar da ke tsara saurin aikin jiki, ko tana aiki fiye da kima. An samu irin haka a wasu macizai, sai dai ba kasafai ba, kuma gwajin jini ne ke nuna shi. Ku nemi likitan da ya saba da dabbobi masu jan ciki, ku tafi masa da takardar kwanakin, da saɓa biyu na ƙarshe a busasshiyar ambulan, da ɗanyen kashi na ranar, da hoton ma'aunin zafi da na danshi a gefen ɗumi da gefen sanyi.