Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa titin kwalta ya tsattsage?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani direban tirela ce a Funtuwa. Ya ce: "Titi sabo fil, damina biyu sai ka ga ya tsattsage kamar fatar kada, daidai inda taya ke bi. Laifin lodinmu ne, ko aikin ne bai yi kyau ba?"

To malam direba, lodi yana da nasa kason. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan kai kusan ninki 16.

Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Abin nan da ake shimfiɗawa, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Kwaltar kanta ba ta fi kashi 5 ko 6 ba, aikinta ta lulluɓe kowace tsakuwa ta riƙe ta da 'yar'uwarta. Duk motar da ta wuce, shimfiɗar sai ta ɗan lanƙwasa, ƙasanta ya miƙe. In riƙon da ƙarfi, za ta jure haka sau miliyoyi. In kwalta ta saki dutse, nan tsaga ke kamawa, galibi daga ƙasa, ta daɗe tana ci kafin ta fito fili.

Babban mai raba su shi ne ruwa. Dutsen garanait, wanda aka fi fasawa a nan Arewa, yana da ƙarfi ƙwarai, amma ya fi son ruwa a kan kwalta. Ruwa na samun ƙofa sai ya kutsa tsakaninsu, tayoyinku kuma su yi ta tura shi ciki. Dutsen da ake siminti da shi, irin na Ashaka da Kalambaina, ya fi kama kwalta. Tsakuwa mai ƙura ko danshi kuwa, tun a wurin haɗi aka yi asara.

Abin da ke damuna shi ne maganin ba shi da tsada. Farar ƙasa, wato laim da ake samu in an ƙona irin dutsen simintin nan, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na haɗin tana ƙara riƙo sosai. Gwajin ma mai sauƙi ne: a tafasa ɗan haɗin minti 10 a ruwa, a duba ko tsakuwar ta yi tsirara. Wannan hakkin injiniya ne kafin a shimfiɗa, haka ma gina magudanar ruwa. Naku hakkin shi ne rage lodi.

Sai wasiƙa ta biyu.