Duhun da Ke Cikin Bidiyon Haɗari

Akwai wani bidiyon haɗarin mota da ya kamata a duba da kyau. An ɗauke shi ne a daren 18 ga Maris, 2018, a garin Tempe da ke jihar Arizona a Amurka, daga cikin wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta, akwai kuma ma'aikaciya zaune a kujerar direba. Titi baƙi ƙirin, sai ga wata mata tana tura keke ta bayyana a hasken fitila, kafin ƙiftawar ido mota ta buge ta, kuma ta rasu. Da yawa daga cikin waɗanda suka kalla sun yanke hukunci cewa babu direban da zai iya kauce mata, har shugabar 'yan sandan garin ma ta faɗi makamancin haka da farko.

A nan kuskuren yake, domin mai kallo yana ɗauka cewa abin da kyamara ta nuna shi ne abin da direba ya gani. Ƙaramar kyamarar mota tana daidaita kanta ne da wurin da ya fi haske, wato kwaltar da fitila ta haska, sai duk abin da ke gefe ya koma baƙi, alhali idon da ya saba da dare yana iya rarrabe siffar mutum a wurin da kyamarar ta shafe. Ga wannan titin a bidiyon da wasu mazauna garin suka ɗauka daga baya, fitilun titi a kunne, gefen hanya a fili. Wannan ma ba hujja ba ce, tunda waya takan ƙara wa dare hasken da babu shi, duk da cewa a kafafen sada zumunta kowa ya riƙe bidiyon da ya dace da ra'ayinsa.

Shi ya sa mai bincike yake komawa wurin da dare, ya auna hasken da na'ura, ya tsayar da mutum mai irin tufafin wanda aka buge, sannan ya auna nisan da ake fara gane cewa mutum ne. Sauran aikin lissafi ne: motar da ke gudun kilomita 70 a awa tana cin kusan mita 19 a kowace daƙiƙa, kuma ana ware wa direba kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki.

Da 'yan sandan Tempe suka sake gwada lamarin, sun gano cewa ana iya hango matar daga nisan kusan mita 44, kuma da an taka birki a lokacin, da motar ta tsaya saura kimanin mita 13. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa na'urorin motar sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ba su gane cewa mai tsallaka titi ce ba, ita kuwa ma'aikaciyar hankalinta yana kan wayarta.