Lacca: Yadda mai neman sana'arka zai same ka a taswirar waya

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da war haka.

Kowa ya ɗauko wayarsa, ya rubuta "mai gyaran mota kusa da ni" a Google. Kun ga abin da ya fito? Taswira a sama, sai sunaye uku a ƙarƙashinta. A da bakwai ake jerawa, a shekarar 2015 aka rage su zuwa uku. Waɗannan gurabe uku su ne zancenmu na yau. Mutumin da motarsa ta mutu a bakin titi, gumi na keto masa, ba zai tsaya lalube har ƙasan shafi ba. Wanda idonsa ya fara faɗawa a kai, shi zai kira.

Ƙofar shiga ita ce Google Business Profile, wato shafin da kake sa bayanan kasuwancinka a Google, wanda har zuwa 2021 ake kira Google My Business. Rajistar kyauta ce. Za a nemi ka tabbatar wurin naka ne, ko dai ta lambar da za a aiko maka ta waya ko ta wasiƙa, ko kuma ka ɗauki bidiyon allon shagon da kayan aikinka. Ku ji ni da kyau a nan: Google da kansa ya ce ba a sayen matsayi a wannan jerin. Talla daban take, kuma akwai alama a kanta. Duk wanda ya kira ka ya ce ka biya shi ya kai ka lamba ta ɗaya, to ka yi hattara.

Abubuwa uku injin binciken Google yake aunawa wajen jera sunayen: dacewa, nisa, da shahara. Nisa ba ka da iko a kansa, shago yana inda yake. Abin da za ka iya kawai shi ne ka duba ko alamar da ke taswira ta faɗa daidai ƙofarka, ba bayan gini ba.

Dacewa kuwa, nan ne nake son mu ɗan zauna. Injin ba ya ganin shagonka, abin da ka gaya masa shi ya sani. Akwai babban rukuni guda ɗaya da za ka zaɓa, kuma nauyinsa ya fi yadda mutane suke zato. Idan gyaran wayoyi kake yi, ka zaɓi hakan, kar ka ce "shagon kayan lantarki" don ya fi faɗi. Sunan kasuwancin kuma ka rubuta shi kamar yadda yake a allo. Wasu suna cusa kalmomi a cikin sunan, "mafi araha, mafi inganci", don su ja injin. Wannan ya saɓa ƙa'ida, ana iya dakatar da shafin dungurungum, aikin shekaru ya tafi a banza.

Sai lokutan buɗewa. Wallahi wannan yana damuna. Mutum ya duba waya, ta ce kana buɗe har ƙarfe takwas na dare, ya baro gida, ya zo ƙarfe bakwai ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba zai dawo ba, kuma ba zai yi shiru ba. Gyara lokacin nan minti biyu ne. Haka ma adireshi da lambar waya: abin da ke Google, shi ne ya kamata ya kasance a Facebook, a Apple Maps (taswirar wayoyin iPhone), a shafinka na intanet. Idan suka saɓa, injin zai fara shakkarka, kamar yadda mutum zai yi.

Shahara tana fitowa ne daga bakin jama'a: yawan sharhin abokan ciniki, taurarin da suka ba ka, da shafukan da suka ambace ka. Ka roƙi wanda ya ji daɗin aikinka ya rubuta, tun yana tsaye a gabanka. Amma ba a ba da kyauta ko ragi don a yaba ka, ƙa'ida ta hana. Idan wani ya koka, ka amsa cikin sanyin rai, ka faɗi abin da ka gyara. Mai ƙorafin mutum ɗaya ne, masu karanta amsarka kuwa ba za ka san iyakarsu ba.

Ku sa hotuna na gaskiya, musamman na gaban shagon da rana, yadda baƙo zai gane shi daga nesa.

Yanzu wanda bai yi rajista ba ya ɗaga hannu, mu fara tare kafin mu shiga tambayoyi.