Bolan inji mai nauyi ko mara nauyi: wanne ya dace da motarka mai gudu a Damagaram?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram.

Ku dubi wannan faifan ƙarfen da na ɗora a kan tebur. Makanikanmu na nan suna ce masa bolan inji, waɗanda suka koyi aiki a Kano kuma su ce fulawil. Ba sitiyari nake nufi ba, ko da yake shi ma wasu bolan suke kiransa. Wannan a ɓoye yake tsakanin inji da bwat, wato akwatin giya, ɗaure a gindin karanshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, mai mota sai ya shekara goma bai taɓa sa shi a ido ba. Sai ranar da aka sauke bwat za a canza kuloci, maigidan gareji ya leƙa ya ce: "Alhaji, wannan ma ya gama aiki." Daga nan shawara take yawa, musamman ga masu Golf GTI, BMW ko Subaru, domin nan take wani zai ce a sa mara nauyi, mota ta tashi kamar shaho.

Kafin ka ciro kuɗi, ka san aikinsa tukuna. Je ka tsaya wurin mai injin niƙa a unguwarku, ka kalli wannan ƙaton wilin da ke gefen injin. Fistin guda ne da injin, bugu ɗaya yake yi ya huta, amma niƙa ba ta tsayawa, don wilin ya ɗauki ƙarfin bugun ya riƙe, yana sakinsa a hankali har bugu na gaba ya zo. Kakanninmu mata ma sun san wannan, shi ya sa suke sa gululu a gindin mazari, in an murza sau ɗaya ya yi ta juyawa.

Haka injin mota yake. Fistin yana shan iska da mai, ya matse, wuta ta kama, ya fitar da hayaƙi. Cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. A inji mai fistin huɗu, bugu biyu ake samu a kowane juyi guda na karanshaf, bolan ne ke cike giɓin da ke tsakani. Haƙoran nan na bakinsa kuma su demarer ke kamawa in ka murza makulli, wannan fuskar mai sulɓi a kanta faifan kuloci yake mannewa.

Ga abin da da yawa ba su sani ba. Ba kilo kawai ake dubawa ba, ana duba inda nauyin ya zauna. Ƙarfen da ke nesa da tsakiya ninki biyu, tasirinsa ninki huɗu ne. Saboda haka bolan biyu suna iya zuwa daidai a sikeli, ka sa su a mota ka ji bambanci ƙarara, don ɗaya nauyinsa a baki yake, ɗayan a ciki.

To, me ke kasuwa? Da yawa daga cikin motocin Turai da ake shigo mana da su yanzu da bolan mai hawa biyu suke zuwa, wanda makanikai ke ce wa bimas. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fito da shi a 1985. Faifai biyu ne, tsakaninsu akwai sifirin kwance cikin giris, suna shanye girgizar inji kafin ta isa bwat. Shi ya sa motar take tafiya lumui. Yana da nauyi, sau da yawa kilo 10 zuwa 15, yana da tsada, kuma yana gajiya. In kana jin ƙwal-ƙwal lokacin kashe mota, ko fedar kuloci tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ko an sauke bwat an ga giris ya fantsama, ya mutu ke nan. Irinsa ba a kai shi wurin mai tur, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, a goge fuska a mayar, sabo ake sawa.

Sai mai hawa ɗaya, dunƙulen ƙarfe ba sifirin ba komai. A cikinsa ne ake samun marasa nauyin: na ƙarfe mai ƙarfi da ake kira koromoli, da na alminiyam wanda aka ɗaura wa farantin ƙarfe a fuska don kuloci ya kama. Waɗannan sukan sauko kilo 4 zuwa 6.

Yanzu bari in faɗi gaskiya ɗaya da masu sayarwa ba sa son faɗa. Bolan mara nauyi ba ya ƙara wa inji doki ko guda. Abin da yake yi, yana rage kayan da inji ke wahalar juyawa, sai allurar juyi ta riƙa hawa da sauri ta sauko da sauri. Za ka ji daɗin wannan sosai a giya ta ɗaya da ta biyu, ta uku kaɗan. Amma in ka miƙe hanyar Tanut a giya ta biyar, nauyin motar da iskar da take tsagawa su ne abokan faɗanka, ba wannan faifan ba. Iyakar gudunta na nan inda yake.

Ga kuma kuɗin da za ka biya, ba na aljihu ba. Tashi daga tsaye, wannan ƙarfin da bolan ya tara shi ke fara tura mota. Ka rage shi da yawa, mota ta zama mai saurin mutuwa. Ka tuna inda kake tuƙi. Lungunan Birni, cunkoson kasuwar Dole ranar Alhamis, ɗan kabu-kabu ta dama, amalanke ta hagu, tsaya ka tashi, tsaya ka tashi. Ga kilim a kunne don zafin Afrilu da Mayu ya haura 40, shi ma yana jan inji. Uwa uba ga rairayi: da ka sauka daga kwalta a yawancin unguwanninmu, yashi ne. Don kada ta mutu sai ka ƙara wuta kana riƙe kuloci rabi, faifai yana gogawa, zafi yana taruwa. Na ga wani matashi da ya sa na alminiyam a Golf ɗinsa, damina ba ta zagayo ba ya dawo gareji, kulocin yana warin ƙuna. Ya ba ni tausayi, don kuɗi masu yawa ya zuba, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa wannan bayanin.

Akwai kuma ƙara. Duk wanda ya cire bimas ya sa mai hawa ɗaya, ya shirya jin kacau-kacau daga bwat in mota tana tsaye inji na aiki. Haƙoran giya ne ke karo da juna, don abin da ke shanye girgizar ya tafi. Kuma dole ka canza faifan kuloci zuwa mai sifirin a tsakiya. Faifan da ke zuwa da bimas galibi ba shi da su, in ka mayar da shi a kan dunƙulen ƙarfe, bwat ce za ta sha dukan.

Ni dai ga shawarata. In motar ita ce ta zuwa aiki, ta kai yara makaranta, ta gudu ranar hutu a hanyar Mirriya, ka nemi na ƙarfe mai matsakaicin nauyi, wanda bai rage fiye da kashi ɗaya cikin uku na asalin ba. Za ka ji motar ta farka, kuma ba za ta kunyata ka a yashi ba. Na alminiyam a bar wa motar da aka keɓe don tsere. In kuwa injinka na gazuwal ne mai turbo kuma da bimas ya zo, mayar masa da bimas. Bugun gazuwal yana da nauyi ƙwarai, ba a banza aka sa masa shi ba.

Abu guda kuma ina roƙonku da Allah ku guje shi: kai tsohon bolan wurin mai tur a sassaƙe shi don ya rage nauyi. Na asali da yawa narkakken ƙarfe ne da aka zuba, ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Ƙarfin da ke cikinsa kuwa, in juyi ya tashi daga 3,000 zuwa 6,000 a minti, ninki huɗu yake zama, ba biyu ba. In ya tarwatse yana iya fasa murfin bwat, ƙafafunka kuma suna nan kusa. Waɗanda aka ƙera don gudu, masu kyan suna ɗauke da shaidar gwaji ta SFI 1.1, ka neme ta.

Wajen saye, ko a nan ka samu ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, sunan mota kaɗai bai isa ba. Ba da lambar inji. Ƙirga haƙoran tsohon, ƙirga ramukan kusoshi, auna faɗin kuloci, don a gidan Volkswagen kaɗai akwai mai milimita 228 akwai mai 240. Wasu motocin ma daga jikin bolan kwamfutar inji take karanta juyi, in tsagin bai yi daidai ba mota ba za ta tashi ba sam. LuK, Sachs, Valeo da Exedy sunaye ne da aka sani, sai dai jabu ma yana shigowa cikin kwali mai kyau, ka je da makanikin da ka yarda da shi. In na hannu ne, juya shi a rana. Tabo mai shuɗi-shuɗi ko ƙananan tsagu a fuska, ajiye musu kayansu.

Masu otomatik, wannan maganar ba taku ba ce, naku galibi faranti ne siriri mai wani aiki dabam.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. Kusoshi sababbi za a sa, don a motoci da yawa sau ɗaya ake ɗaure su, sun riga sun miƙe. A ɗaure su da sifana mai awo, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, ba a bi su a jere ba. Tunda bwat tana ƙasa, a canza robar da ke tare mai a bayan karanshaf, in ta yi yoyo daga baya sabon kulocin za ta jiƙa. A wanke man da aka shafa wa fuskar bolan daga kamfani tas kafin faifai ya hau. Sannan ka yi haƙuri da ƙafarka, kilomita 500 na farko tuƙin cikin gari a hankali, ba fizga, har fuskokin biyu su zauna da juna.