Kuɗi Sun Taru, Wasa Bai Fito Ba: Abin da ke Rusa Ƙananan Kamfanonin Wasan Bidiyo

Masu kallo, barkanmu da warhaka.

A watan Fabrairun 2012, Tim Schafer, shugaban kamfanin Double Fine da ke Amurka, ya hau shafin Kickstarter ya nemi jama'a su yi masa karo-karon dala 400,000 domin ya haɗa wasan bidiyo. Kafin wa'adi ya cika, mutum sama da 87,000 sun tara masa fiye da dala miliyan 3.3. Daga nan ƙofa ta buɗe. Duk wani mai fasaha da manyan kamfanoni suka ƙi saurara ya ga hanya: ya je kai tsaye wurin masu buga wasan, su ba shi jari, ya yi musu abin da suke so.

Wasanni masu kyau sun fito ta wannan hanya, ba a musu. Amma wasu da yawa sun mutu a tsakiyar tafiya, kuma duk lokacin da hakan ta faru, kalmar farko da ake ji ita ce damfara. Ni ban yarda damfara ce ta kashe yawancinsu ba. Abin da ya fi kashe su shi ne kuɗi sun iso a dunƙule, kafin a samu tsarin da zai riƙe su.

Ku duba yadda ake yi a da. Idan babban kamfani ya ɗauki nauyin wasa, ba ya miƙa kuɗin gaba ɗaya. Zango-zango yake biya. Ka kammala wannan sashe, ka nuna, a duba, sannan a sakar maka na gaba. Masu haɗa wasa sun daɗe suna kuka da wannan tsari, kuma suna da hujja, don yakan shaƙe basira. Sai dai a cikinsa akwai wanda aikinsa shi ne ya tambaya: ina aka kwana, nawa aka kashe, wa ke riƙe da me? Karo-karo ya kawar da wannan mutum, bai kuma sa kowa a gurbinsa ba. Kickstarter na cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi su cire nasu kashi 3 zuwa 5, ragowar ta faɗa asusun mutanen da wataƙila ba su taɓa biyan kowa albashi ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin wasan Yogventures. Yogscast wasu 'yan Ingila ne da suka yi suna a YouTube da buga wasan Minecraft. A 2012 suka haɗa kai da wani ƙaramin kamfani, Winterkewl Games, wanda bai taɓa fitar da wasa ko ɗaya ba. Sun nemi dala 250,000, aka ba su sama da 567,000. A watan Yulin 2014 aka sanar cewa aikin ya rushe.

Shugaban Winterkewl, Kris Vale, ya fito ya yi bayanin yadda kuɗin suka tafi, kuma akwai wuri ɗaya a bayaninsa da nake so ku saurara da kyau. Sun biya wani mai zane dala 35,000 a dunƙule, tun kafin ya yi aikin. Bayan kamar mako biyu, mutumin ya samu aiki a wani kamfanin wasanni, LucasArts, sabon wurin kuma bai ba shi damar ci gaba da wancan ba. Da aka koma kan takardar yarjejeniya, sai aka tarar babu layi ko ɗaya da ya faɗi abin da zai faru idan mutum ya ajiye aiki. Kuɗin suka tafi ke nan.

Asarar dala 35,000 kaɗai ba za ta kashe aikin rabin miliyan ba. Abin da ta kashe shi ne amana. A cewar Vale, daga ranar Yogscast suka daina yarda da yadda yake riƙe kuɗi, aka sake zama, dala 150,000 suka koma hannun Yogscast, da sharaɗin za su yi kyaututtukan da aka yi wa jama'a alkawari, su kuma ɗauko babban mai rubuta manhaja. Ya ce ba a taɓa ɗauko shi ba. Su Yogscast sun ce bayaninsa ya bar abubuwa da yawa, kuma ba su yarda da wasu sassansa ba. Ko wane ne ke da gaskiya, ga yadda aikin ya kasance: ɓangare ɗaya na riƙe da suna da kuɗi, ɗaya ɓangaren na riƙe da aiki, babu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma wasan da ake ginawa ba shi da ƙwararren mai rubuta manhaja da zai ja ragamarsa.

Wannan batu na mai rubuta manhaja yana yawan dawowa. A ƙaramin kamfani, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suka san yadda cikin wasan yake. Wasan Haunts: The Manse Macabre ya tara kusan dala 29,000 a 2012. A watan Oktoban shekarar, masu rubuta manhajarsa biyu duk suka tafi, ɗaya ya koma Google, ɗaya ya samu wani aiki. An rubuta wasan da Go, yaren kwamfuta da a lokacin sabo ne, masu iya shi kaɗan ne, don haka samun wanda zai ɗora ya yi wuya. Wasan Project Phoenix kuwa ya tara sama da dala miliyan 1 a 2013, ga mawaƙa ga masu zane, amma aka shafe shekara biyu ana jiran wani mai rubuta manhaja ɗaya ya gama aikin da yake yi a wani wuri. Daga ƙarshe bai zo ba.

Sai kuma tarkon da nasara kanta ke ɗanawa. Idan kuɗi suka wuce abin da aka nema, al'ada ce a ƙara alkawari don jama'a su ci gaba da zubawa: in mun kai kaza za mu ƙara sabon babi, in mun kai kaza za mu fitar da shi a kan wata na'ura. Ana rubuta waɗannan alkawura ne cikin zumuɗi, a kwanakin da lissafi ke hawa kowace sa'a, ba wanda ya zauna ya ƙiyasta wata nawa kowanne zai ci. Wasan Mighty No. 9 na Keiji Inafune, wani mai haɗa wasanni ɗan Japan, ya nemi dala 900,000 a 2013, ya samu kusan miliyan 4. Aka yi alkawarin fitar da shi a kan kusan kowace na'urar wasa ta lokacin. An sa ran sa a Afrilun 2015, bai fito ba sai Yunin 2016, ya fito kuma mutane suka yi ta ƙorafi. Na na'urorin wasa na hannu, 3DS da Vita, ba su taɓa fitowa ba. Kuma tun kafin a sauke wannan nauyi, Inafune ya buɗe wani sabon karo-karon don wasan Red Ash, wanda bai kai abin da aka nema ba.

Shi ma Schafer da ya buɗe ƙofar bai tsira ba. A 2013 ya amsa da bakinsa cewa ya tsara wasan da ya fi ƙarfin kuɗin da ke hannu. Aka raba wasan, mai suna Broken Age, gida biyu, aka sayar da rabin farko a 2014 don a samu na ƙarasa na biyu, wanda ya fito a 2015. Mutum ne da ya shafe fiye da shekara ashirin a sana'ar. In har lissafi ya kuɓuce masa, to ina ga matasa shida da ke aikinsu na farko?

Akwai ma kuɗin da ke zurarewa ta inda ba a zata ba. Masu wasan Star Command sun tara kusan dala 37,000 a 2011. Riguna da fastoci da aika su ga jama'a kaɗai sun ci dala 10,000. Bayan kiɗa, lauyoyi, baje koli da haraji, abin da ya rage musu bai wuce dala 4,000 ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne shirun da ke biyo baya. Idan aiki ya fara tangarɗa, shugaban yana gaba kura baya siyaki. Ya faɗi gaskiya, dubban mutane su yi masa caa, wasu su nemi a mayar musu da kuɗin da an riga an kashe. Ya yi shiru, a ce ya gudu. Da yawa sukan zaɓi shiru, ko su riƙa sakin hotuna masu kyau alhali ma'aikata na ficewa ɗaya bayan ɗaya. A ganina nan ne kuskure ke komawa laifi. Rashin iya lissafi ana yafe shi, amma wanda ya ba ka kuɗinsa bisa yarda yana da haƙƙin ya ji halin da ake ciki tun da wuri. Waɗanda suka rage a cikin kamfanin kuma su ne ke shan wahalar, suna aiki dare da rana ba albashi. Josh Parnell ya ɗauki aikin wasan Limit Theory kusan shi kaɗai tun 2012, ya yi shekara shida yana fama, sannan a 2018 ya ce kuɗinsa da ƙarfinsa duk sun ƙare.

Kada a ɗauka yawancin ayyukan haka suke ƙarewa. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya nuna kusan kashi 9 cikin 100 na ayyukan Kickstarter ne ba sa cika alkawari. Sai dai ko waɗanda suka cika, ku ji abin da ya ci musu. Masu kamfanin Yacht Club Games sun nemi dala 75,000 don wasan Shovel Knight, suka samu sama da 311,000. Sun yanke wa kansu albashi tun farko, duk da haka kuɗin suka ƙare, suka yi wata biyar suna aiki ba a biyan kowa kafin wasan ya fito a Yunin 2014. Shawarar da ta cece su ita ce sun fitar da ainihin wasan tukuna, suka ajiye ƙarin alkawuran sai kuɗin ciniki sun fara shigowa. Na ƙarshe a cikin waɗannan alkawura sun sauke shi ne a Disambar 2019.