Gashin Nama da Hayaƙi: Me Ya Sa Ƙirjin Sa Ke Cin Awa Goma Sha Biyu a Wuta?

Ku dubi wannan yankan naman. Ƙirjin sa ne, kilo 5. Idan kuka ɗora shi kai tsaye a kan garwashi, bayansa zai ƙone, cikinsa kuma ya ƙi taunuwa. Jijiyoyin da suka ratsa shi cike suke da wani sinadari mai tauri da ake kira kolajin, shi kuwa kolajin ba ya narkewa sai zafin cikin naman ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma daɗe a haka. Don haka ake nesanta naman da wuta, a bar zafi da hayaƙi su yi aikin sannu a hankali.

Dabarar ta jima. Turawan Sifen sun tarar da mutanen Taino a tsibiran Karebiyan suna shimfiɗa kifi da nama a kan sanduna, can sama da wuta, kuma marubucinsu Gonzalo Fernández de Oviedo ya rubuta labarin a 1526. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, bayi baƙar fata ne suka fi riƙe wannan aiki, suna kwana a bakin rami suna gasa dabba ɗungurungum. Murhu mai murfi irin na kamfanin Weber kuwa sai a 1952 George Stephen ya ƙera shi.

To, ga yadda ake yi. A rage kitsen saman ya saura kaurin rabin santimita. A barbaɗa gishiri wajen giram 50 da barkono baƙi. A tara gawayi a gefe ɗaya na murhun, naman a ɗaya gefen, a rufe, a riƙe zafi tsakanin digiri 110 da 120 ta hanyar buɗe ko rage ƙofar iska.

Batun hayaƙi shi ne inda aka fi yin ɓarna. Hayaƙin kirki siriri ne, mai ɗan shuɗi, da ƙyar ido ke ganinsa. Idan kuka ga fari mai kauri yana tuɗaɗowa, wutar ba ta samun iska ne ko itacen ɗanye ne, kuma naman zai yi ɗaci. A yi amfani da busasshen itace mai nauyi, gutsure biyu ko uku sun isa. Itace mai ƙaro kuwa kada ma a kusantar da shi.

Bayan wasu awanni za ku ga ma'aunin zafin cikin naman ya tsaya cak wajen digiri 65 zuwa 70, har awa uku ko fiye. Kada ku ƙara wuta! Ruwan naman ne ke fitowa yana bin iska, yana sanyaya shi kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. A naɗe shi da takardar foyil, zafin zai ci gaba da hawa.

Idan ya kai digiri 93 zuwa 95, a soka tsinke. In ya shige ba turjiya, ya nuna. A bar shi a naɗe na awa ɗaya, domin in an yanka da zafinsa romon zai tsiyaye a kan katako. Jan layin da za ku gani ƙarƙashin ɓawon ba ɗanyantaka ba ce, iskar da ke cikin hayaƙin ce ta kama launin tsokar. A yanka shi a gicciye, kada a bi tsawon zaren naman, kowane yanki kaurin fensir.